Makullin Motata Ya Dawo Kan Ƙusarsa

Zuwa ga Autata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a abin da kuka je nema. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tana nan da halinta, in na zauna sai na nemi izininta kafin in miƙe, amma ina cin abinci, ina barci. Yayanki da iyalinsa lafiya lau. Gidan dai shiru ne kamar yadda kika bar shi, ni da agogon bango ke hira, shi ma magana ɗaya ya iya. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Labarin ne ya fi ƙarfin waya, kuma kin san ni, in ban riƙe alƙalami ba magana ba ta zo mini a jere. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri, rabi tsufa ne rabi murna.

Albishirinki, makullin motata ya dawo kan ƙusarsa ta bayan ƙofa. Na san ba ki ma san an ɗauke shi ba, don ni na roƙi yayanki kada ya gaya miki. Yanzu da abin ya wuce, bari in warware miki zare da abawa.

Kin tuna bayan an yi mini aikin yanar ido likita ya ce kada in kuskura in shiga rana ba baƙin tabarau, ke kuma kika aiko mini da wannan mai kyau, mai gidan fata. A makon ne yayanki ya raba ni da tsohuwar motata, wadda muka yi shekara ashirin da shida tare, ya kawo mini wannan ƙarama. Tsohuwar motar allurai ne da ita a gaban sitiyari, ko da wutsiyar ido na kalle su na san abin da suke faɗa. Wannan kuwa komai nata a allo yake kamar na waya, gudu da mai da zafin inji, har abin da ke bayanka in za ka ja da baya. Ranar da ya kawo ta a ƙarƙashin rumfa ya nuna mini, ina sanye da farin tabarau na karatu, na ga komai tangaran.

Washegari Laraba ce, ranar zuwa wurin gwaggonki. Kin san tun da ta kwanta ban taɓa fashin Laraba ba, ita kaɗai ta rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya. Mu 'yan makarantar da, abin da likita ya faɗa doka ne, don haka tun daga ɗaki na sa tabaranki. Na tayar da mota, sai na ga allon baƙi ƙirin. Na kashe na sake tayarwa, haka. Na kira telan nan mai shago a gabanmu ya duba mini, ya leƙo ta taga ya ce ai ga shi nan raɗau, har ya karanta mini cewa mai a cike yake. Auta, ni kuwa baƙi ƙirin nake gani. Na yi dariya na ce masa gwada shi nake yi, amma a raina na ce shi ke nan, aikin bai yi ba, makanta ce ta fara sallama.

Da na sunkuya zan gyara sandata a kujerar gefe, kaina ya karkata, sai kawai lambobi suka bayyana. Na miƙe wuya suka ɓace, na karkata suka dawo. Na ce ashe akwai sauran wata kusurwa a idon da ba ta mutu ba. Haka na yi Laraba biyar ina tuƙi, in zan duba gudu sai in kwantar da kai a kafaɗa kamar kaza tana kallon shaho. Lambobin ma dishi-dishi nake ganin su. Bai taɓa zo mini a rai in cire tabaran ba, ga umarnin likita, ga shi kuma kyautarki ce. Ban gaya wa kowa ba, don na san ranar da yayanki ya ji, ranar zan yi sallama da Larabata.

To, telan nan idonsa ba a kan allura kaɗai yake ba. Ya je ya gaya wa yayanki cewa wuyan Baba yana karkacewa, kada dai shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Yayanki ya baro wurin aiki da rana tsaka, ya ce in shiga mota, ya zauna a gefena, ya tambaye ni mai nawa ya rage. Na yi ta maza, na yi ta maza, ƙarshe dai na kwantar da kai. Ya ɗauki makullin ya sa a aljihu, ya ce, "Baba, gara ka yi fushi da ni kana raye." Na kuwa yi fushin, kwana biyu ban amsa wayarsa ba.

Mako uku na yi ba makulli, kafin a samu ranar ganin likita. Sau ɗaya ya samu ya kai ni wurin gwaggonki, shi ma yana zaune yana duba agogo, sauran biyun aiki ya riƙe shi. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ne. Amma 'yar gwaggonki ta gaya mini cewa duk Laraba tsohuwar ba ta yarda a saki labule, tana kwance tana sauraron hon ɗina har la'asar. Wannan magana ta fi ciwon gwiwa hana ni sukuni.

A asibiti aka duba wuya da jijiya, aka ce ba komai sai gajiya. Likitan ido ya sa ni karatun allonsa, na karanta har layi na biyun ƙarshe. Sai aka tura mu ɗakin mai haɗa tabarau, wata mata sa'arki, mai kaifin baki irin naki. Ta ce in gaya mata tsakani da Allah a ina ne ba na gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kwashe komai na faɗa mata. Ta karɓi tabaranki ta juya shi a hannu, ta ce mu je wurin motar. Ta zaunar da yayanki a kujerar direba, ta sa masa shi, ta ce ya karanta mata mai. Auta, da ma kina nan! Ya matso, ya ja baya, sannan a hankali ya kwantar da kansa a kafaɗa, daidai yadda nake yi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sai da na riƙe ƙofar mota.

Ta yi mana bayani cewa irin wannan tabarau an yi shi ne don ya kashe ƙyallin ruwa da na kwalta, shi ya sa masu kamun kifi ke son sa, kuma hasken allon wasu motoci irin wannan ƙyallin ne a wurinsa, sai ya haɗa da shi ya kashe. Ba idona ba ne, ba kuma motar ba ce. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Daga nan muka shiga zaɓe. Ta ce tabaran karatu na littafin da ke hannu ne, allon mota ya fi shi nisa, don haka sai an auna. Na ce ta dakata, na buɗe aljihun gaban mota na ciro tef ɗin awon mahaifiyarki, wanda na kwaso daga tsohuwar mota tare da sauran tarkacena. Yayanki ya riƙe bakin tef ɗin a allo, ni na riƙe a gefen idona, inci ashirin da tara cif. Kin ga, har yau tana yi mini amfani, Allah ya jiƙanta. Matar ta fito da faranti cike da samfuri, ta ce duk wanda na ɗauka sai na shiga mota na gwada, sai an gwada akan san na ƙwarai. Na gwada bakwai, ina hawa ina sauka, gwiwa tana ƙorafi ban kula ta ba. Yayanki ya so wani mai kauri baƙi wuluk, na ce ni ba ɗan sandan ciki ba ne. Na zaɓi mai launin ruwan shayi, samansa da duhu don rana, ƙasansa da haske don allo, aka kuma sa masa ƙarfin idona a ƙasan. Ba shi da nauyi a hanci. Matar ta ce na yi kama da matuƙin jirgin sama da ya yi ritaya, na ce ta cire ritayar.

Jiya muka karɓo shi. Yayanki ya zauna a gefena kamar mai jarraba direbobi, muka zaga unguwa sau biyu, wuyana a miƙe kamar soja. Na karanta masa gudu, na karanta masa mai, na ƙara masa da cewa agogon motar ya yi gaba da minti huɗu. Da muka tsaya ya ba ni haƙuri, ya shiga da kansa ya rataye makullin a ƙusa. Sharaɗinsa biyu, ba tuƙi bayan faɗuwar rana, kuma duk wata shida a duba ido. Na amince.

Yau Laraba, tun da hantsi na kama hanya. Da na isa ƙofar gidan gwaggonki na danna hon sau biyu kamar kullum, na ga labulen a ɗage. Na shiga na zauna a bakin gadonta, na manta ban cire tabaran ba. Ta daɗe tana kallona, ta tambayi 'yarta wane saurayi ne wannan. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Na zaci ka riga ni tafiya ne suka ɓoye mini." Na ce mata ina nan, kuma Laraba mai zuwa ma in Allah ya yarda ina nan. Ba ta saki hannun ba har ta yi barci.

Kada ki ji komai game da naki tabaran, ba shi da laifi. Shi nake sawa in na zauna a ƙofar gida, telan ma har ya fara yi mini ƙyashi. Ki gaida maigidanki da kyau. Ki gaida abokina Sarkin Surutu, ki ce ya dage da karatu, da amaryata mai wushirya, ki ce angonta ya yi sabon ado. Yayanki da matarsa da gwaggonki duk suna gaishe ku. In za ku zo hutun nan, kada ki sa kowa ya tarye ku, ni zan zo da kaina. Ki dai nemi jirgin da ke sauka da rana.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki mai kewarku,
Baba