Inna Ta Ƙi Cin Tuwon Maƙwabta

Dogarawa, tsakiyar damina.

Zuwa ga Yayana Malami, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Raihanatu da yara, ya buɗa maka kasuwa, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan ruwa ya sauka yadda ake so, gero ya wuce gwiwa, wake ya fara yaɗo. Ƙafar Baba Dogo, ƙanen Baba, ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da sandarsa, bakinsa kuwa ka san bai taɓa ciwo ba. Maigidana yana nan yana fama da lodin siminti a Malbaza, yara suna lafiya. Iyakar labarin daɗin da nake da shi ke nan, na sa shi gaba don kada ka ce ban iya wasiƙa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mamane direba alhali ga waya. Idon Inna ya tafi, amma kunnenta yana nan garau. Duk ran da ka kira sai ta matso da tabarmarta kusa da ni, ta yi kamar tana tsintar wake, ni kuma in yi ta ce maka lafiya lau. Ba lafiya ba ce, Yaya. Abin da ban iya faɗa a gabanta shi ne zan rubuta maka, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Labarin autanmu Habibullahi yana nan inda ka san shi. Tun da aka kai wa motarsu ta soja hari can yamma kafin saukar ruwa, ba a gan shi cikin waɗanda suka tsira ba, ba a kuma gan shi cikin waɗanda aka yi wa sutura ba. Mun je barikin soja ni da Baba Dogo, manyansa sun karɓe mu da mutunci, sun ce ana nan ana nema, mu ci gaba da addu'a. Liman ya ce matar Habibullahi, Hamdiyya, ba za ta shiga takaba ba sai an tabbatar, don haka tana nan ɗakinta da goyonta, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Inna kuwa tun ranar farko ta ce ɗanta yana da rai, kuma duk wanda ya shigo gidan da fuskar ta'aziyya sai ta tambaye shi ko ya yi ɓatan hanya ne.

To, ga abin da ya faru bayan haka. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba kan ƴaƴan mutane da suka bar gonakin iyayensu suka je suna tsare mu, ya ce godiyar baki ba ta cire ciyawa. Daga nan mai gari da dattawa suka yanke cewa duk gidan da ke da ɗa a soja, samarin gari za su yi masa gayya. Wallahi Yaya da ka ga garin nan da ka yi alfahari da shi. Badamasi shugaban samari ya bi gida gida yana tara mutane, ƴan tasha suka kwashi masu hauya kyauta, ƴan lakwal suka taso daga makaranta suka zo ƙofar gidanmu suna waƙar godiya suna kiran sunan Habibullahi. Na tsaya bayan zana na yi kuka har na gode Allah, don tun da abin nan ya faru ban ji mu da mutane kamar ranar ba. Babu wanda zan zarga cikinsu, ka riƙe wannan.

Sai dai garin gyaran gira aka taɓa ido. Ka san al'adar gayya, mai gona shi ke ciyar da masu aiki. Su kuma don tausayi suka ce wannan karon kada gidan soja ko ɗaya ya hura wuta, matan unguwa za su kawo abinci. Ni ma da aka gaya mani murna na yi, ban yi tunanin komai ba. Ranar da aka zo gonarmu, da hantsi, sai ga mata sun jero sun shigo da kwanoni da ƙorai rufe da faifai, Jummai maƙwabciyarmu tana gaba, suna ajiyewa ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida. Inna tana zaune bakin ɗakinta. Ta ji ƙarar kwano bayan kwano, ta shaƙi iska ba ta ji hayaƙin murhunmu ba, sai ta tambaya wa ya mutu. Sai a lokacin na tuna cewa rabon da abinci ya shigo gidan nan a jere haka, murhu a kashe, tun rasuwar Baba.

Jummai ta durƙusa tana rantsuwa tana bayani, ni ma na sa baki, amma kamar muna magana da bango. Inna ta miƙe ba tare da sanda ba, ta ce gidanta ba gidan makoki ba ne, a fitar mata da kwanonin nan. Haka matan suka kwashe suka wuce da su gona, kowace kanta a ƙasa. Sannan ta ce a buɗe rumbu. Ta ce mai gonar nan yana da rai, mai rai kuwa shi ke ciyar da gayyarsa, ba za a noma gonar ɗanta kamar gonar marayu ba. Na ce mata abin da ya rage shi ne zai kai mu kaka. Ta ce in ba zan hau ba ita za ta hau, kuma ka san Inna, da ta hau ɗin. Muka sauke dammunan, muka sussuka, muka daka, muka dama fura muka kai gona. Mutanen da suka riga suka ƙoshi suka zauna suka sha don girmanta, Badamasi yana sha yana share ido da hannun riga.

Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, samarin suka so su dawo a ɓoye da sassafe su gama kafin ta ji. Ina za a ɓoye wa Inna? Wani ya buga ganga kan hanya, shi ke nan, ta sa aka share ragowar rumbun har ƙasa. Gonar Habibullahi yau babu kamarta a wannan gefen, ko ciyawa ɗaya ba ka gani, masu wucewa a mota suna nuna ta da hannu. Rumbun gidansa kuwa ko ɓera ya daina shiga.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ka ba, don garin nan ba zai bar mu da yunwa ba. Masifar ita ce tun daga ranar Inna ta rantse ba za ta ci abin da ya shigo daga waje ba. Tuwon Jummai ta ƙi. Na dafa a gidan aurena na kawo, ta ce ni ma yanzu ta waje ce. Maƙwabta suka koma miƙo mani tsabar gero ta kan darni, na daka a turminmu na tuƙa a tukunyarta, ta kai hanci ta ce wannan warin buhu yake, nata ƙamshin rumbu yake yi, ta ture kwanon. Na ce mata kai ka aiko, don ina ganin naka ba za ta ƙi ba. Sai ta ce mutumin Kumasi bai saba aike da damina ba, in har ya fara to an gaya masa abin da ba a gaya mata ba. Daga ranar ban ƙara ambaton aike ba.

Abin da take ci yanzu shi ne tafasa da zogalen bayan ɗaki, da ɗan nonon akuyarta, akuyar ma ta kusa ƙafewa. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta sau biyu. Shekaranjiya ta faɗi kusa da randa, muka ɗauke ta zuwa gidan likita, kuma na ɗauke ta da hannuna, Yaya, ba ta fi nauyin yaro ba. Ma'aikaciyar ta duba ta ta ce babu wata cuta sai yunwa, ta kalle ni irin kallon da ake yi wa ɗiyar da ta bar uwarta ba ci. Hamdiyya mai shayarwa kuwa sai ta laɓaɓa gidan Jummai take cin abinci kamar ɓarauniya, ta wanke baki kafin ta dawo. Iyayenta sun aiko daga Illela suna so su ɗauke ta, kuma ban ga laifinsu ba, amma ran da ta fita da kayanta Inna za ta ce an raba gidan ɗanta.

Liman ya zo ya yi mata nasiha cewa karɓar alheri ba yarda da mutuwa ba ne, ta saurare shi da ladabi, ta yi masa godiya, ba ta ci ba. Baba Dogo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ta ce masa shi ƙanen miji ne, ya tsaya matsayinsa. Mai gari da kansa ya aiko a ba ta haƙuri, ya ce su godiya suka nufa. Mutanen nan yanzu kunyar haɗa ido da ni suke yi, ni ma ina jin kunyarsu, don sun yi mana abin da ɗan'uwa ke yi, ga shi mun mayar musu da shi abin baƙin ciki. Na san sabon geron gonar za ta ci, tunda da furarta aka noma shi. Amma ko kai bai fitar ba, tumu yana da nisa, kuma ban ga alamar jikin nan zai kai ba. Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron mu rasa uwa muna tsaye muna jiran labarin ƙane.

Babban wa magajin uba, yau maganar ta zo kanka. Ba aike nake roƙo ba, kai nake so. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, ba ta taɓa iya musu da kai ido da ido ba. In ka shigo da buhu a kafaɗarka, ba wanda zai ce daga waje ya fito, ɗan gida ne ya kawo. In ka zauna ka ce ba za ka sa hannu a kwano ba sai ta sa, ita da za ta iya kashe kanta da yunwa ba za ta iya barin ka kwana da yunwa ba. Na san kasuwa, na san nisan hanya da wahalar iyaka, na san komai. Ka bar wa ɗanka Chindo shagon ka taso.

Ka gaida Raihanatu da kyau, ka ce ina roƙonta ta yi haƙuri ta sake ka. Ka gaida Chindo da Fahad da Abdulrazak, Allah ya yi musu albarka. Baba Dogo yana gaishe ka, Hamdiyya tana gaishe ka, Jummai da Badamasi sun ce a miƙa gaisuwarsu. Inna ma tana gaishe ka, kuma akwai saƙonta da ba zan ɓoye maka ba. Jiya na gwada ce mata ko in kira ka ka zo ka gan ta. Ta kama hannuna ta ce kada in kuskura, ba wanda ke barin Kumasi da tsakiyar damina sai mai zuwa ta'aziyya, kuma ran da ta ji sallamarka a ƙofar gida ta san an gama. Na san zuwanka zai karya abin da take riƙe da shi, na kuma san rashin zuwanka zai kai ta kushewa. Ita ta ce kada ka zo. Ni na ce ka zo, in ya so ta yi kukan a gabanka, sannan ta ci abinci.

Allah ya kawo ka lafiya, ya bayyana mana Habibullahi, ya tsare sauran ƴaƴan mutane da ke can.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi