Ƙaramin Kati Mai Fanka Ɗaya

Karshi, Abuja.

Yaya Manniru,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Fadima da hayaniyar Legas. Baba da Mama suna gaishe ku.

Yaya, ka yi haƙuri, ban sayi katin girafik ɗin da ka ce ba, wato katin hoton kwamfutar da nake haɗawa. Ka san hukuncin Baba: gasar ƙwallon kwamfuta ta ranar Asabar ita ce damata ta ƙarshe. In ban samu gurbin wakiltar Abuja ba, in tattara wasa in ajiye. Kuma daga gida kowa zai buga, ta intanet.

Da ɗan abin da na tara a hidimar ƙasa na shiga kasuwar kwamfuta ta Wuse. Wani oga mai shago ya fito min da irin wanda ka ce, tokumbo, wato kwancen Turai, ƙato mai fanka uku, yana ta rantse-rantse. Wallahi raina ya biya! Sai na tuna ba a Maitama nake ba, unguwar manya da ba a cika ɗauke wuta ba. Wannan dodon in aka ɗauke wuta, ai lashe batirin inbatarmu zai yi kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Na ɗauki ƙarami mai fanka ɗaya, wanda wutar da madabod ke ba shi ta ishe shi. Madabod ɗin ma, wato allon da ake dasa komai a kansa, na talakawa na zaɓa, ba fitilu ba ƙyale-ƙyale. Ogan ya ce kayan yara na saya. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Najwa.

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinka! Goron sai ka zo.

Ni da wani ɗan Bwari muka kai wasan ƙarshe, ya kuwa iya kamar me. Muna biyu da biyu, da tsakar rana, ɗif aka ɗauke wuta. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Kwamfutar ko gezau! Sai dai inbata ta soma ƙaran nan nata na batir ya kusa mutuwa, ga sauran wasa da yawa. Ban tashi ba, na ci gaba da wasa. Can na ji ƙaran ya tsaya. Ana dab da tashi na zura ta uku. Yaya, ni ce zan wakilci Abuja!

Na fito falo da ihu, sai na tarar da Baba zaune jiƙe sharkaf da gumi, yana fifita da jarida. Ashe shi ya bi gidan ya kashe firji da talabijin, har da fankar da yake sha, don wutar ta kai ni. Ya haɗe rai ya tambayi wa ya ci. Da na faɗa masa, ya ce to madalla, in kunna masa fankarsa. Ni kuwa na durƙusa a gabansa ina ta kuka.

Ka gaida Anti, Allah ya bar zumunci.

Taka mai murna,
Najwa.