Ban Gane Ba, Maimaita

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan lafiya, sai dai lafiyar ta jiki ce kawai.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Wayar ce na tsana, ko ganinta ba na son yi a kan teburin yanka. Jikata ta daina kirana. Kin san tun da Allah ya karɓi ran ubanta a can wajenku, ba abin da ya rage mini nasa sai yarinyar nan da kiran da uwarta ta yarda ta riƙa yi mini duk Lahadi. Wancan makon muna cikin magana sai na ji shiru, aka kashe. Wannan Lahadin na rufe shago tun hantsi, na tasa wayar a gaba har la'asar, ko motsi ba ta yi ba. Da na kira, uwar ce ta ɗauka, ta yi magana da sauri, abin da na tsinta kawai shi ne "a'a".

Auta, me na yi? Da furfurata na zauna koyon Sifaniyanci saboda ita. Ki zo ki ga bangon shagona, na cika shi da kalmomi da allin ɗinki tun daga saman keken ɗinki har bakin ƙofa. Ina taka keke ina hadda, har mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce ko na fara taɓuwa ne. Kafin kowace Lahadi nakan shirya tambayoyina tsaf: ya makaranta, me kika ci, ruwa ake yi ko rana. Ban taɓa yin tuntuɓe a kansu ba.

Ke kike gari ɗaya da su, ke kike jin yarensu. Don girman Allah ki je gidan ki jiyo mini. Idan yarinyar nan ta kuɓuce mini, na rasa ɗana sau biyu ke nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Na je gidan ranar hutuna, kuma ka san ni ban iya kwana-kwana ba.

Ba amsar ruwa ko rana yarinyar ta ba ka ba. Ce maka ta yi ta fara manta muryar babanta, takan rufe ido ta neme ta amma ba ta zuwa. Kai kuma ka kwashe da dariya ka ce "si, si", wato "eh, eh, da kyau", sannan ka tambaye ta me ta ci. Ta ajiye wayar ta shige ɗaki, ranar ko abinci ba ta taɓa ba. Uwar ta ce mini, "Ko dai bai damu ba, ko bai ji ba. In bai ji ba, don me zai ce ya ji?" Ta ce a dakatar da kiran, ba za ta bari a sake yi wa 'yarta haka ba. Wallahi ban ga laifinta ba.

Na san inda ka samo halin nan. Lokacin da matan ma'aikatan kamfanin nan suke kawo maka ɗinki, a bakinsu ka koyi Faransanci. Mace ta yi ta zuba, kai kana "wi madam, wi madam" kana washe baki, rabin zancen ya wuce ka. Amma tef yana wuyanka. Ka auna kafaɗa, ka auna ƙugu, riga ta fito daidai, gari ya ɗauka tela ya iya Faransanci. Yaya, waya ba ta da tef.

Ni ma da Faransancin na fara a makarantar jinya, don kawai in samu aiki, kuma da irin murmushinka na sauka ƙasar nan. Sifaniyanci kuwa tsofaffin da nake jinya ne suka koya mini, da zagi da tofar da magani. Tsoho yana gaya maka inda ke masa ciwo ka ce masa "si" kana murmushi, kofi zai jefo maka. A hannunsu na koyi cewa "ban gane ba", kuma ita ce ta fi duk sauran yi mini amfani.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Allah ya ba mu mafita.
Ƙanwarka

*

Auta,

Salama da gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni, kuma tun da na karanta ta ban ɗinka abin kirki ba. Jiya na yanka hannun riga biyu duk na hagu a yadin mutane.

Na ji kalmar "baba" a bakinta, Auta, ita kaɗai na kama. Na ɗauka wani abin daɗi ta tuna, na yi dariya don in taya ta. Ashe yarinya kuka take miƙo mini ni kuma ina tafa mata.

Wanda ya koya mini ɗinki shi ya ce tela ba ya cewa bai gane ba a gaban mai kaya, in ya faɗa ta naɗe yadinta ta tafi shagon gaba. Da wannan na ci abinci, da shi na aurar da ke, da shi na tura marigayi karatu. Kalmomi sun cika mini bango, amma kin san ko sau ɗaya ban taɓa neman yadda ake faɗin "ban gane ba" da yarensu ba?

Na sa tsumma na goge bangon tas. Ki rubuto mini ita da manyan baƙaƙe, don idona yanzu ko zare ba ya sawa a allura sai an taimaka. Ba ni da shekarun da zan ƙare yaren nan. Kafin in iya, ko ta girma ta manta da ni, ko ni in bi ubanta. Ki roƙi uwar ta ba ni kira ɗaya. In ta ce in durƙusa a gaban wayar zan durƙusa, ko da ba mai ganina.

Ina jiranki, ba na barci.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na sha zarya kafin ta yarda. Kira ɗaya, Lahadi mai zuwa, kuma tana zaune kusa da yarinyar. Ni ina wurin aiki, ba mai yi maka fassara. Ga maganar nan na rubuta a bayan takarda. Kada ka shirya tambaya ko ɗaya, kuma don Allah ka ɗaure dariyar nan taka.

Allah ya dafa maka.
Ƙanwarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Jikata ta kira.

Ta yi magana can ƙasa-ƙasa, "si" ta taho har bakin leɓena, na haɗiye ta. Na ce da Sifaniyanci, "Ban gane ba, maimaita." Sai ta maimaita. Na sake cewa ban gane ba. Ta yi ta sassautawa, kalma bayan kalma, yadda ake bai wa jariri ruwa, har na kama.

Ashe rannan akwai sauran magana, dariyata ce ta katse ta. Cewa ta yi muryata irin ta babanta ce. Wai akwai abin da yake faɗa mata da yarenmu in zai tashe ta makaranta, ba ta san ma'anarsa ba, amma ta kwaikwayo mini sautin. Na gane shi tun kafin ta ƙarasa, don da shi nake tashin ubanta.

Na ce, "Tashi mana, gari ya waye."

Sai na ji ta da Sifaniyanci, tana jan hanci, ta ce, "Maimaita."

Ki gaida gida.
Yayanki