Ranar da Zuciyar Yaya Ta Tsaya a Shago

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da amaryarmu da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan kowa yana nan. Kawu ya samu sauƙin ƙafarsa har ya koma hawan kekensa duk da an hana shi, babbar 'yar Yaya ta gama jarrabawa, maigidana kuma an mayar da shi aikin safe.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunmu. Sau uku ina ɗaukar wayar in kira ka, muryata na ƙin fita. Don haka nemi wuri ka zauna, bari in fara maka da ƙarshen labarin don kada hankalinka ya tashi. Yaya tana da rai, tana gida, tana cin abinci, har ta soma yi wa kowa faɗa. Amma kwana goma sha shida da suka wuce zuciyarta ta tsaya cak a gabana, kuma har yanzu in na rufe ido ƙarar faɗuwarta nake ji.

Ka san shagonmu na wanki da guga yadda yake, injuna uku a jere a jikin bango, dogon teburin guga a tsakiya, kayan mutane a rataye a baya. Ranar babban injin busar da kaya ya ƙi tashi, sai Yaya ta kira mai gyaran lantarki, wani dattijo mara yawan magana da bai taɓa yi mana aiki ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya yana durƙushe bayan injin, ni ina ninke zannuwan gado, wata mata da ta zo karɓar labulayenta tana tsaye a kanta. Yaya tana guga tana yi mini tsiya, wai ninkina kamar na wanda ake kora. Ba ta ce kanta na ciwo ba, ba ta dafe ƙirji ba. A tsakiyar magana ta yi shiru, dutsen guga ya suɓuce mata, ta zube tsakanin teburi da injin.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne wuta ce ta ja ta. Na juya kan mutumin nan ina cewa ya kashe mini 'yar'uwa da gyaransa, Allah ya yafe mini abin da na faɗa masa. Ya miƙe ya kashe wutar shagon gaba ɗaya, sannan ya durƙusa ya bubbuga kafaɗunta da ƙarfi yana kiranta. Ko motsi. Ya zuba wa ƙirjinta ido na ɗan lokaci. A nan ta ja wani irin numfashi mai kama da minshari, ta yi shiru, can ta sake ja. Na ce alhamdulillahi tana numfashi, suma ce, na ruga na ɗebo ruwa zan zuba mata, ina ƙoƙarin tayar da ita zaune. Ya tare hannuna ya ce in ajiye ruwan, wannan ba numfashi ba ne, haka jiki yake yi in zuciya ta tsaya, kuma duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba ƙwaƙwalwarta ce ke mutuwa.

Ya nuna mai labule da yatsa ya ce ta kira motar asibiti, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a ƙasa. Maƙwabcinmu mai sayar da takalma ya leƙo, ya ce masa ya hau bene wurin masu motsa jiki, akwai wata na'urar tayar da zuciya a akwati rataye a bango, ya kawo ta da gudu. Muka ja Yaya zuwa fili muka kwantar da ita rigingine a kan siminti. Ya kai hannu zai ɗora a ƙirjinta, sai na ga ya tsaya, ya dube ni. Ya ce mace ce, ni in yi, shi zai nuna mini.

Auta, ni da ko allura ba na iya kallo ana yi wa mutum, sai ga ni durƙushe a kan Yaya. Ya ce in sa gindin tafin hannuna a tsakiyar ƙirjinta, a kan ƙashin nan, in ɗora ɗaya hannun a kai in sarƙe yatsu, in miƙar da gwiwar hannuna, in danna da nauyin jikina duka. Na danna a tsorace. Ya ce wannan shafa ce, sai ƙirjin ya lotsa kamar santimita biyar, in bar shi ya dawo, in sake dannawa, sau biyu a kowace daƙiƙa. Ya shiga ƙirga mini yana buga ƙasa da tafinsa. Ban yi nisa ba na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin hannuna. Na janye ina cewa na karya ta. Ya ce haƙarƙari ne, zai warke, in mayar da hannuna yanzu. Matar asibiti da ta amsa wayar ma abin da take faɗa ke nan, kada a tsaya, mota na hanya. Na tambaya ko ba a hura mata iska a baki. Ya ce wanda ya koya yana hurawa sau biyu bayan kowace dannawa talatin, amma wanda bai iya ba ya yi ta dannawa kawai, ya fi tsayawa shawara.

Ban yi minti biyu ba hannuwana suka mutu. Ina jin yana cewa ƙarfina ya ragu, ba ya isa. Na ɗago na ce masa ya ɗauka ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi abin da ya sani. Ya matso ya karɓa ba tare da an yi ko daƙiƙa biyar ba. Sai a lokacin na ga yadda ake yi. Jikin Yaya duka yana girgiza, fuskarta ta yi wani irin toka-toka, leɓenta ya yi baƙi. Ina kallo ina cewa a raina gawa muke wahalarwa.

Mai takalma ya dawo da akwatin yana haki. Mutane sun cika bakin ƙofa. Mai gyara ya ce dole a buɗe ƙirjinta, na'urar ba ta aiki ta kan tufa. Matar nan, Allah ya saka mata, ta warware labulenta da muka gama gogewa ta ɗaga shi da hannu biyu ta tare ƙofa. Na ɗauki almakashi na yanke rigar Yaya. Da aka kunna na'urar sai ta soma magana da kanta, tana faɗin abin da za a yi. Na manna faifai biyu inda hoton jikinsu ya nuna, ɗaya ƙasan ƙashin wuya ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. Na'urar ta ce kowa ya janye hannu daga jikin Yaya. Ya duba ya tabbata babu mai taɓa ta, ya danna maɓalli, jikinta ya zabura. Na zaci za ta buɗe ido. Ba ta buɗe ba, shi kuwa nan take ya koma dannawa. Muka yi ta karɓa-karɓa har na'urar ta sake cewa a janye, aka sake ba ta wuta. Ina cikin dannawa bayan wannan na ji ƙirjinta ya ɗaga hannuna da kansa. Ta ja numfashi na gaske, ta sake ja, ta sake. Ma'aikatan asibiti suka shigo suka same mu a haka. An ce minti goma sha uku ne duka. Ni dai da an ce yini ne da na yarda.

Kwana biyu ba ta san inda take ba. Da ta farka ba ta tuna komai, sai kukan ciwon ƙirji, haƙarƙari biyu muka karya mata. Mijinta, da na yi ta fargabar yadda zai ɗauki zancen yanke riga, shi ya je har gidan mai gyara, ya riƙe hannunsa yana ta yi masa godiya. Ashe a wurin aikinsa na dā ne ake koya musu wannan duk shekara saboda haɗarin wuta, kuma shekara ashirin bai taɓa yi wa mutum ba sai a kan mutum-mutumin roba. Na je na ba shi haƙuri. Ya ce shi bai ma ji abin da na faɗa ba, hankalinsa na kan ƙirge.

To ga dalilin takardar. Likita ya ce ba toshewar jijiya ba ce, wadda mutum kan ji ciwo yana gumi yana magana. Ita zuciya tana da wutarta da ke sa ta bugawa, ta Yaya ce ta rikice. Sun dasa mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata da za ta tayar da zuciyar in ta sake. Sannan ya tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya da sauran ƙuruciyarsa, domin irin wannan ana gadonsa. Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna Mama.

Kai shekararka huɗu lokacin da Mama ta rasu, abin da aka gaya maka shi ne ba ta yi jinya ba. Ni ina da goma sha uku, kuma ina wurin. Tana shanya ta faɗi, shekararta arba'in da ɗaya. Wannan minsharin da Yaya ta yi, shi ta yi, ban taɓa mantawa da shi ba, ban dai san sunansa ba. Aka jingina ta da bango, ana yi mata fifita, ni ce na riƙe kwanon ruwan da ake shafa mata. Muna kewaye da ita mu fi goma, kowa da hannu biyu, muna jira ta farfaɗo. Na faɗa wa likita haka. Ya ce ba mai iya tabbatarwa yanzu, kuma ba laifin kowa ba ne abin da ba a sani ba. Na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma tun ranar nake kallon hannuwana.

An yi mini gwaji, an manna mini wayoyi a ƙirji, an ɗauki hoton zuciyata. Sun ga wani abu da ba su gamsu da shi ba, zan koma mako mai zuwa. 'Ya'yan Yaya da nawa duk an rubuta su. Saura kai. Na san halinka, za ka ce lafiyarka ƙalau, kana hawa bene da gudu. Yaya ma a ranar nan, da ƙafarta ta zo shago tana dariya. Don Allah a makon nan ka je asibiti, ka nuna musu takardar likita da na haɗo da wannan, ka ce a duba ka, ka kuma tambaya game da jaririya. Sannan ku nemi inda ake koyar da danna ƙirji ku je kai da matarka. Ita ta fi ka bukatar koyo, tunda ita ce a kusa da kai. Ni da maigidana da mijin Yaya mun riga mun je, har Kawu ya bi mu. Ban gaya wa Yaya zancen Mama ba tukuna, ina jira ta ƙara ƙarfi. Bayan likita, kai na fara gaya wa, domin shekara ashirin da bakwai ina ɗauke da ranar nan ni kaɗai.

Ka gaishe mini da amaryarmu da kyau, ka sumbaci jaririya, ka miƙa gaisuwata ga surukanka. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, haka mijin Yaya da yara duka. Yaya ta ce in gaya maka kada ka kira ta kana kuka, dariya ma ciwo take sa ta balle kuka. Ni kuwa kada ka kira ni sai ka fito daga wurin likita.

Allah ya jiƙan Mama, ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Yayarka ta tsakiya