Kwana Arba'in da Taga a Tsakaninmu

Ya sanyin idanuna, ya inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ya ruwan farko bayan dogon fari, gaisuwa gare ki mai yawan ganyen damina!

Yau wata biyu ke nan da asibitinku ya tura ki can nesa, inda wata sabuwar annoba ta ɓulla. Gidan nan cike yake da mutane, amma a wurina kango ne. Keken ɗinkina ma kukansa ya canja. Jiya na shiga ɗakin ajiya neman tsohon almakashi, sai ga katifar nan taki a naɗe a jikin bango. Wallahi sai na zauna a kan buhun ƙyalle ina ta tuna baya.

Kin tuna shekarar kulle, lokacin waccan annobar? Kwana arba'in kika yi a ɗakin nan, ke da tsohuwar fanka, don kada ki kwaso cuta daga wajen jinya ki kawo wa Inna da asmarta. Kullum da la'asar in ajiye miki kwanon abinci a bakin ƙofa, in ja da baya kamar wanda ya ga maciji, ke kuma ki leƙo ta taga, igiyar takunkumi ta yi miki shati a kumatu, kina min dariya da idanu kaɗai. Wane tauraro ne ya taɓa haske irin na idanun nan biyu da suka gaji? Mutane suna kiran lokacin baƙar shekara, ni kuwa, Allah ya yafe min, har kewarsa nake yi!

Kin san halin mijinki, sarkin gardama. A shago ina sahun gaba cikin masu cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, zafin rana ma ya ishe ta. Ina ɗinka wa jama'a takunkumi, nawa yana rataye a haɓa. Sai da kika ce min ta taga, "Maigida, da haɓa kake numfashi?" sannan na ja shi sama, ina ƙunƙuni.

Amma akwai ranar da har yau take ci min rai. Maƙwabta sun daina shigowa, iyaye suna janye 'ya'yansu idan kin wuto. Mai gidan da muke haya ya tsaya a ƙofar shago, ya ce ya ji a ɗakin masu cutar kike aiki, in haka ne mu tattara namu ya namu. Tsoro ya kama ni. Na ce masa ƙarya ake yi, ke wajen yankan kati kike. Ban san kina tsaye a bayansa ba, jaka a kafaɗa, kin dawo daga aikin awa goma sha biyu. Sati biyu cur tagar nan a rufe. Kaico! Wane fari ne ya kai sati biyun nan bushewa?

A rana ta huɗu mai gidan hayar nan ya zo da safe neman taimako. Numfashin matarsa ya sarƙe, sun ɓoye ta a ɗaki suna ɗura mata jiƙe-jiƙe, don gudun a killace su, unguwa ta sa su a baki. Da wata ce da ta ce alhaki ne. Ke kuwa kika sa kayan aikinki, kika lallashe su har suka yarda aka kai ta asibiti, kika tsaya a kanta kwana goma sha ɗaya. Ranar da ta dawo tana takawa da ƙafarta, na fito tsakiyar titi, igiyar awo a wuyana, na ɗaga murya: "Matata ce ta yi jinyarta! A ɗakin masu cutar take aiki!" Da la'asar ɗin nan kika buɗe taga.

Ya kurciyata, na san can ma za a guje ki, za a ƙaga miki magana, kamar yadda muka yi. Ki yi haƙuri da su, tsoro ne ba ƙiyayya ba; ni shaida ne. Amma ina roƙonki, ki kare kanki kafin ki kare kowa, kuma ki ci abinci a kan lokaci. Inna tana gaishe ki. Ni da kaina na kai ta rigakafi, ta yi ta yi wa mai allurar tsiya wai hannunsa bai kai naki sanyi ba.

Saura magana ɗaya. Na yi shela a titi, amma shekara biyar ke nan girman kai ya hana ni faɗa miki ke kaɗai: na ji kunyar aikinki a ranar da ya kamata in yi alfahari da ke. Ki yafe min, masoyiyata. Ki dawo lafiya in ji amsar daga bakinki.

Naki ne ni, a lafiya da ciwo, har ranar da numfashina zai tsaya,

Telanki.