Rasuwar Malam Andarawus Haggai da Akwatin da Muka Kai Rijau

Jama'a, wa ya taɓa ganin an ɗora mutum mai rai a sikelin gyaɗa, an cika buhu da yashi daidai nauyinsa?

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Leburori da Masinjojin Filin Jirgi ta Kontagora ta karɓi labarin rasuwar babban yayanmu, dattijon arziki, Malam Andarawus Haggai, Akawun Sayayya na ofishin da ke gwada sabon ƙaramin jirgin feshi na gwamnati, wanda aka ce ya rasu sa'ad da jirgin ya faɗi a dajin bayan Ibeto.

Tun da aka share filin nan, babu igiya, tamfol ko duron mai da ya shigo ba ta hannun marigayi ba, bai kuma taɓa bari lebura ya wuni da yunwa ba. Shi ya sayo buhun, shi aka auna yana dariya, domin injiniyoyi sun ce yashi ne zai zauna a kujerar baya har sai jirgi ya nuna halinsa. Mu muke kinkimar buhun nan kullum, har muna kiransa Ƙanen Akawu.

Ranar gwaji, wani babba ya ce a sauke buhu, Akawu ya hau. Jirgi ya tashi, buhu yana jingine gindin ɗorawa yana kallonmu. Da labari ya zo, an hana mu zuwa daji. Washegari aka miƙo mana akwatin gawa an buga masa ƙusoshi, aka ce kada a buɗe. Muka waiga gindin ɗorawa, babu buhu.

Kafaɗa ba ta mantuwa, ranku ya daɗe. Da muka karkata a ƙofar coci a Rijau ɗauke da shi a kafaɗa, abin da ke cikin akwatin ya zuba gefe guda, shuuu, mu duka mun ji.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Mama Dorkas, da 'ya'yansa da dangi baki ɗaya, tana roƙon Allah Maɗaukaki Ya ba su juriya, ko da yake baiwar Allahn nan har yau ta ƙi zama a bakin kabarin.

Mai Girma Shugaban Ofishin Gwaji, ba ma son saƙo ta bakin masinja, masinjojin mu ne. Ka fito tsakiyar kasuwar Kontagora, a gaban Mama Dorkas, ka faɗa da bakinka: me muka binne a Rijau, kuma ina Andarawus?

Lukuman Maikuɗi
Kakakin Ƙungiya
Kontagora, Jihar Arewa maso Yamma