Rahotona Zai Taɓa Jarin Mahaifina

Inna, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Mijina ya san rabin maganar, mahaifiyata ba ta san komai ba, ƙawayena kuwa da na fara bayani sai su ce ni dai ba na rabuwa da lissafi. Ke ba ki san ni ba, shi ya sa zan iya zazzage miki cikina.

Ina aiki a wani kamfani da ke ba masu zuba jari shawara. Aikina shi ne a ba ni masana'anta guda in bi diddiginta: su wa ke sayen kayanta, me ya sa suke saye, wa ke gasa da ita, kuma in ɗanyen kaya ya yi tsada, za ta iya ɗora wa mai saye ko ita za ta haɗiye asarar. In na gama sai in rubuta rahoto, in ce hannun jarin kamfani kaza a saya, ko a riƙe, ko a sayar. Ana fara raba wa abokan cinikinmu, daga baya jaridu su ɗauka. Sunana yana ƙasan kowane rahoto.

Bana aka ba ni masana'antar batir, irin na tocila da rediyo da agogon bango. Babban kamfanin da ke yin sa a wajenmu kuwa, a can mahaifina ya yi aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya. Shi ne shugaban ma'aikata a sashen da ake ɗura baƙin gari a cikin ƙwanson batir. Har yau tsofaffin abokan aikinsa Foman suke ce masa, mu ma 'ya'yansa haka muke kiransa in muna neman tsokana. Na tashi ina ganin baƙin garin nan a ƙarƙashin faratansa, ba sabulun da ke fitar da shi. Da albashin wurin ya kai ni har jami'a, na karanta ilimin tattalin arzikin da yau nake auna kamfaninsa da shi.

Da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa kaf ya zuba su a hannun jarin kamfanin. Mahaifiyarmu ta so ya sayi shago ya ba da haya, ya ce wurin da ya ciyar da shi tsawon rayuwarsa ba zai yashe shi da tsufa ba. Gaskiya kuma duk shekara ana raba riba, da ita ake sayen maganin hawan jinin mahaifiyarmu da sauran hidimar gida. Ranar taron masu hannun jari ita ce babbar ranarsa. Tun da safe zai sa a goge masa kaya, ya je ya zauna a layin gaba, ya ɗaga hannu ya yi tambaya ko da ba shi da ita, ya dawo da kalanda da lema mai tambarin kamfani. Lemomin nan sun cika bayan ƙofa, in baƙo zai tafi ana yayyafi, sai ya ɗauko guda ya ba shi da alfahari.

Da aka ba ni aikin ban gaya wa shugabana cewa mahaifina yana da jari a wurin ba. Wannan ne babban aikina na farko, na ji tsoron a karɓe a ba wani. Kuma a raina na ɗauka alheri zan gano, har ina hango ranar da zan kai wa Baba rahoton ya yi ta nuna wa abokansa.

Ba haka ya zo ba. Na zaga shaguna da kaina, manya da ƙanana. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: kwalin batir da a da yake ƙarewa nan da nan, yanzu sai ya yi ƙura a kan kanta. Kowa da fitila a wayarsa. Fitilar da ake caji da hasken rana kuma kullum ƙara araha take yi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wannan ba irin faɗuwar ciniki ba ce ta rashin kuɗi a hannun mutane, wadda in abubuwa sun warware za su dawo. Wanda ya sayi fitilar caji ya tafi ke nan, ko ya yi arziki ba zai koma sayen batir ba. Buƙatar kanta ce ke ƙaura.

Ga shi yawancin ɗanyen kayansu daga waje suke sayowa, yana ta tsada, su kuma ba su isa su ƙara farashi ba, don a kan kanta ɗaya ga batir ɗin waje mai araha yana jiran su. Injinansu sun tsufa. Su koma yin batir mai caji, sai da jarin da ba su da shi. To daga ina ribar da ake rabawa take fitowa? Na duba bayanan da suke wallafawa duk shekara, na ga sun sayar da wani babban ɗakin ajiya, sun sayar da filin da gidajen ma'aikata suke a da, sun kuma ci bashi. Ba ɓoyewa suka yi ba, yana nan a rubuce, mutane ne ba sa karantawa har can. Ba na ce ɓarayi ne ba, Inna. Mutanen kirki ne da zamani ya juya wa baya. Amma mai sayar da kadara yana raba riba, wata rana kadarar za ta ƙare. Na juya lissafin ta kowace fuska ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba. Na rubuta a sayar.

Dokar aikinmu ta hana in faɗa wa kowa abin da ke cikin rahoto kafin ya fita, balle ɗan'uwa mai jari a wurin. In na faɗa wa Baba ya sayar, laifi ne da zai raba ni da aikina, ya ɓata min suna. In na yi shiru rahoton ya fita, farashi zai iya faɗuwa da guminsa a ciki, kuma tsofaffin abokansa za su ga sunan 'yar Foman a ƙasan takardar.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne abin da ya faru da na je gaishe su kwanan nan. Na tarar da shi a falo yana gyara wa jikansa motar wasa. Ya ce min ƙanena da ke aiki a wani gari ya aiko masa da kuɗi masu ɗan kauri, kuma tunda farashin hannun jarin ya sauko, a ƙarshen wata zai je wurin dillalinsa ya ƙara saye. Ya tambaye ni yadda mu masana muke ganin kamfaninsu. Na ce aiki ya hana ni magana. Ya yi dariya, ya juya ya ce wa mahaifiyata ta ga irin tarbiyyarsa, ko ubanta ba ta ba shi sirrin ofis. Na shiga kicin na tsaya gaban famfo, na buɗe ruwa don kada a ji kukana.

Mijina ya ce in mayar da "a sayar" ta koma "a riƙe", ba wanda zai mutu. Ko kuma in ɗan yi wa mahaifiyata shaguɓe, ita ta san yadda za ta hana shi. Wani lokaci sai in ji kamar in ajiye aikin gaba ɗaya in huta. Wani lokacin kuma in ce, to in ni ce na yi kuskure fa? Ni da ban taɓa ƙera ko batir ɗaya ba? Rahoton yana gaban shugabana, ban san ko zai fita kafin ƙarshen wata ko bayansa ba. Inna, yaya zan yi?

'Yar Foman

*

'Yata, na karanta wasiƙarki, na kuma tausaya miki. Kin yi aikinki da gaskiya, gaskiyar ta zo ta tsaya a ƙofar gidanku. Amma hanyar ba ta toshe kamar yadda kike gani ba.

Gobe da safe ki shiga ofishin shugabanki ki gaya masa mahaifinki yana da jari a kamfanin, kuma yana shirin ƙarawa. Tun farko ya kamata ki faɗa, kin sani, ba sai na ja miki kunne ba. Wataƙila ya yi faɗa, wataƙila ya miƙa rahoton ga wani ya sake dubawa ya sa hannu. Ko wanne ya fi a gano daga baya. Kuma in wani ya bi lissafinki ya iso inda kika iso, kin huta da zullumin ko son zuciya ko tsoro ya karkatar da alƙalaminki.

A wannan zaman ki tambaye shi abu ɗaya. Wuraren aiki irin naku da dama suna hana dangin ma'aikaci na kusa saye ko sayarwa a kamfanin da yake bincike a kai, har sai rahoto ya fita. In haka ne a wajenku, ki nemi izinin gaya wa mahaifinki wannan kaɗai: saboda aikinki, ya dakata, ba saye ba sayarwa, sai kin sanar da shi. Ba ki ce sama ba, ba ki ce ƙasa ba. Mutumin da ya yi alfahari da riƙon amanarki zai jira. Kuɗin ƙanenki sun tsira ke nan ta hanyar da ba za ki ji kunyarta ba.

Maigidanki tausayi ne ya sa shi magana, kada ki riƙe shi da ita, amma kada ki bi shawararsa. In kin rubuta "a riƙe" alhali zuciyarki ta ce a sayar, akwai tsofaffi irin mahaifinki da za su riƙe saboda sun yarda da ke. In kuma kin yi shaguɓe ya sayar, wanda zai saya daga hannunsa shi ma uban wata ne. Ajiye aikin kuwa ba zai dawo da mai sayen batir ko ɗaya ba. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba: rahoto ba ya kashe kamfani mai lafiya, yin shiru kuma ba ya warkar da maras lafiya.

Duk da haka, ki bar wa shakkarki ɗan wuri. Abin da kika hango shi ne abin da ya fi yiwuwa, ba abin da aka rubuta a allo ba. Kamfani mai tsohon suna da dillalai a ko'ina yana iya samun mai saye, ko ya sauya sana'a. Wannan bai isa a jingina maganin mahaifiyarku a kansa ba, amma ya isa ya sa ki yi magana da mahaifinki da tawali'u.

Ranar da rahoton ya fita, ki je da ƙafarki kafin ya ji a bakin wani. Ku keɓe ku biyu. Kada ki fara da alƙaluma. Ki fara da nuna masa cewa ba aikinsa kika auna ba. Baturan da ya ƙera masu kyau ne, sun haska gidaje, sun rene ku. Kasuwa ce ta sauya bayan ya sauka. Ki tambaye shi abin da shi yake gani, ki saurara har ya gama. Ba mamaki ya daɗe da lura da abin da kika lura da shi, faɗa ce ta yi masa nauyi.

Sannan kada ki ce ya sayar da duka, kuma kada ki zama ke ce mai yanke hukunci. Ki haɗa shi da wani mai ba da shawara da ba ruwansa da ofishinku, su duba yadda zai rage kaso mai yawa a hankali, ya raba a wurare daban-daban, ya bar ɗan abin da zai ci gaba da ba shi kujera a taron shekara. Ke da ƙanenki kuma ku ɗauke masa nauyin maganin mahaifiyarku tun yanzu. Wanda ba ya tsoron yankewar magani ya fi iya yin tunani a natse.

Yana iya yin fushi. Yana iya ƙin sayar da ko ɗaya. Dukiyarsa ce, da guminsa ya same ta, yana da ikon yin abin da ke ba za ki yi ba. Naki shi ne ki faɗa masa gaskiya sau ɗaya, a fili, da ladabi. In ya ƙi, kada ki mai da kowace ziyara ta zama muhawara, kuma in abin da kika hango ya faru, kada kalmar "ai na faɗa" ta fito daga bakinki. Ki ci gaba da zuwa gaishe shi kamar kullum, ko da kwanakin farko amsar gaisuwar ta zo a gajarce.

Allah ya sassauta miki, ya ba mahaifiyarku lafiya, ya sa mahaifinki ya ji maganar da kunnen uba.

Inna